Yadda Ake Gane Ko Wani Ya Toshe Ka Ko Ya Ɓoye Maka Wasu Abubuwa A WhatsApp

WhatsApp ba ya aiko wa kowa sanarwa cewa wane ya toshe shi. Da gangan kamfanin ya bar maganar a lulluɓe, kuma bai ɓoye dalilinsa ba: yana kare sirrin wanda ya yi toshewar ne. Don haka babu wani maɓalli da za ka danna ya ce maka e ko a'a. Abin da ake yi shi ne a tara alamu, a riƙa fitar da sauran dalilai ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya rage. A teburin gyaran waya tambaya ce da ba ta ƙarewa, kuma da yawa daga masu zuwa rai a ɓace suna cewa "an yi mini bulok" ba a yi musu ba.

Kafin ka taɓa komai, ka san cewa abubuwa biyar ne suke kama da juna daga ɓangarenka. Ko dai mutumin ya toshe ka gaba ɗaya. Ko ya bar ka, amma ya cire ka daga cikin masu ganin hotonsa, sitatus ɗinsa ko lokacin da ya leƙo na ƙarshe. Ko ya goge lambarka daga wayarsa. Ko ya kashe ƙarar saƙonka ya tura hirarku can ma'ajiya. Ko kuma babu ruwansa da kai sam, wayarsa ce ba ta kan intanet. Aikin duka shi ne rarrabe waɗannan biyar. Na jera matakan daga wanda mutumin ba zai taɓa sanin ka yi ba zuwa wanda zai iya gani, saboda haka kada ka yi tsalle ka fara da na ƙarshe.

Abin da za ka tanada

- Wayarka da data mai aiki, da WhatsApp na asali wanda aka sauke daga Play Store ko App Store, kuma aka sabunta shi. Sunayen wuraren da zan ambata na Android ne da aka saita da Turanci. A iPhone suna ɗan sauya wuri, amma aikinsu ɗaya ne.
- Lambar mutumin a ajiye daidai. Idan ta ƙasar waje ce, da lambar ƙasar a gaba: +234 ta Najeriya, +227 ta Nijar, +233 ta Ghana, +966 ta Saudiyya. Lambar Najeriya ana cire mata sifilin farko bayan +234.
- Guruf ɗin da kuke ciki tare da shi, idan akwai: na dangi, na 'yan ajinku, na unguwa, na adashi. Wannan ya fi komai amfani.
- Waya ta biyu, ta wani wanda shi ma mutumin ya ajiye lambarsa. Ka zaɓi mai riƙe baki, don maganar ba ta jin daɗin yawo.
- Ɗan katin kira, da haƙurin kwana biyu ko uku.

Idan ba ka da guruf na haɗaka, waya ta biyu za ta maye gurbinsa. Idan babu duka biyun, sai ka dogara da mataki na 3, na 6 da na 8, amma ka ƙara kwanakin jira.

Abu ɗaya da ba ya cikin kayan aiki shi ne manhajojin da ke tallar cewa za su nuna maka sunayen waɗanda suka toshe ka ko suka leƙa furofayil ɗinka. WhatsApp ba ya ba wata manhaja wannan bayanin, don haka ko dai ƙagen sunaye suke yi, ko suna neman izinin shiga lambobinka ne. Duk wadda ta nemi lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta tes, asusunka take son ɗaukewa.

Mataki na 1: Fara da wayarka

Aika saƙo ga wani daban da ka san yana kan layi. Idan nasa ma ya tsaya da alamar agogo, saƙon bai ma bar wayarka ba. Matsalar data ce ko sabis, ba mutumin ba. Wani lokaci ma abin na kowa ne: ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duk duniya, sannan ranar 14 ga Maris 2024 lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta rage sabis a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu.

Daga nan shiga Settings, sai Privacy. Abubuwa uku za ka duba. Na farko Last seen and online: dokar WhatsApp ita ce, wanda ya ɓoye lokacin leƙowarsa shi ma ba zai ga na wasu ba. Na biyu Read receipts: idan ka kashe shi, ba za ka ga tik shuɗi, wato alamar da ke nuna an karanta saƙonka, daga kowa ba a hirar mutum biyu. Mutane sukan kashe waɗannan su manta, bayan wata guda su zo suna zargin duniya. Na uku Blocked contacts, jerin waɗanda kai ka toshe.

Wannan na ukun ba wasa nake ba. Wani dattijo ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini. Yaron nan da ke Legas ya daina aiko mini da murya, tawa ma idan na yi ba ta tafiya, sai wani rubutu ya fito." Na buɗe hirar, ga rubutun nan da Turanci yana cewa shi ne ya toshe lambar, ya danna nan ya buɗe. Na ce, "Baba, ai kai ka rufe shi." Ya ce, "Ni? Da wane hannun?" Jikoki ne ke kallon bidiyo da wayar da daddare. Dannawa ɗaya ta gyara abin da ya hana shi barci.

Mataki na 2: Dubi saman hirar, kada ka aika komai tukuna

Buɗe hirarku, ka danna sunansa. Wanda aka toshe ba ya ganin lokacin da mutum ya leƙo na ƙarshe, ba ya ganin yana onlayin, ba ya ganin sabon sitatus, kuma hoton furofayil yakan koma farin mutum-mutumin nan marar fuska.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba, domin kowanne daga cikin waɗannan yana da saitinsa na kansa. Mutum zai iya zaɓar kowa ya gani, ko waɗanda ya ajiye lambarsu kaɗai, ko kada kowa ya gani. Tun 2022 kuma akwai zaɓin My contacts except, inda zai bar wa kowa hotonsa ya cire mutum ɗaya ko biyu, kuma a shekarar ce aka ba da damar ɓoye alamar onlayin ita ma. Ke nan mutum zai iya zama yana hira da wasu a daidai lokacin da kake kallon sunansa, kai ba ka ga komai ba, alhali bai toshe ka ba. Mata da yawa ba sa sa hoto ko kaɗan, wasu kuma sukan cire shi lokacin rasuwa ko azumi.

Abin da za ka riƙe daga wannan mataki kaɗan ne amma mai ƙarfi. Idan ka ga ko da abu ɗaya yana motsi, misali ka gan shi onlayin, ko ka ga sabon hoto, ko sabon sitatus, ba a toshe ka ba, ka tsaya nan. Idan kuma komai ya ɓace a rana ɗaya alhali da kana gani, ka rubuta ranar ka wuce gaba. Idan maimakon hira ka ga ana ce maka ka gayyace shi zuwa WhatsApp, asusun ne babu shi. Ko ya goge shi da kansa, ko ya daɗe bai hau ba, don kamfanin yakan goge asusun da ya kai kimanin kwana 120 bai haɗu da intanet ba.

Mataki na 3: Aika saƙo ɗaya, ka karanta tik

Ɗaya na ce. Sallama ta isa, ko tambayar da dama kana da buƙatar yi. Kada ka rubuta "ka yi blocking ɗina ne?", domin idan bai yi ba saƙon zai shiga, kai za ka sha kunya.

Tik ɗaya mai ruwan toka yana nufin saƙon ya bar wayarka ya isa wurin WhatsApp, amma bai sauka a wayar mutumin ba. Kamar ka ba direba saƙo a tasha ne: ya karɓa, mai shi bai karɓa ba tukuna. Tik biyu masu ruwan toka, ya sauka a wayarsa. Tik biyu shuɗaye, waɗanda aka shigo da su a 2014, ya buɗe hirar.

Da zarar ka ga tik na biyu, maganar toshewa ta mutu. Wanda aka toshe saƙonsa ba ya taɓa wuce tik ɗaya. Abin da ya rage shi ne ko mutumin yana share ka ne, kuma wannan waya ba za ta iya faɗa maka dalla-dalla ba. Zai iya kashe ƙarar hirarku na awa takwas, ko mako guda, ko har abada. Zai iya jefa ta cikin Archived, inda tun 2021 hira take zama ko da sabon saƙo ya shigo. Zai iya karanta saƙon daga sanarwar da ke saukowa a saman waya ba tare da ya buɗe ba, ko ya kashe tik shuɗi gaba ɗaya. Duka waɗannan a wurinka tik biyu ne masu ruwan toka, babu bambanci. Ƙofa ɗaya ce ta rage: saƙon murya. Kashe Read receipts ba ya ɓoye alamar an saurari murya, saboda haka idan ɗan makirufon da ke jikin saƙon ya koma shuɗi, ya ji ka.

Idan kuma tik ɗaya ne, ka ajiye wayar ka jira. Nan ne mutane suke yawan yin kuskure, su yanke hukunci cikin awa biyu. Ka tuna yadda muke amfani da waya. Wani yana kashe data sai dare. Wani datarsa ta ƙare sai ƙarshen mako. Wani unguwarsu ta yi kwanaki ba wuta. Wani ya tafi ƙauye inda sai an hau tudu ake samun sabis. Wayoyin Android da yawa kuma, don tattalin batir, suna hana manhaja aiki a bayan fage, ta yadda saƙo ba ya sauka sai mai wayar ya buɗe WhatsApp da hannunsa. A watan Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Duk wanda ya aika wa 'yan uwansa saƙo can a lokacin, tik ɗaya ya yi ta gani har makonni.

WhatsApp yana riƙe saƙon da bai sauka ba har kwana 30 yana ƙoƙarin isar da shi, bayan nan ya goge. Ba sai ka jira kwana 30 ba, amma ka ba shi biyu ko uku, kana dubawa safe da dare.

Mataki na 4: Gwajin guruf, wanda na fi yarda da shi

Toshewa ba ta aiki a cikin guruf. Ko mutum ya toshe ka, idan kuna guruf ɗaya zai ga abin da ka rubuta, kai ma za ka ga nasa. Kuma a guruf ba a iya kashe alamar karantawa. Waɗannan biyun su ne suka sa gwajin nan ya fi sauran.

Ga yadda ake yi. Bayan saƙonka na kai tsaye ya tsaya a tik ɗaya, rubuta wani abu na yau da kullum a guruf ɗin, ko gaisuwar Juma'a ce. Bayan wasu awanni ka danna saƙon ka riƙe, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Info. Za ka ga jeri biyu: waɗanda saƙon ya sauka a wayarsu, da waɗanda suka karanta, kowa da lokacinsa. Nemi sunan mutumin.

Idan ba ya cikin ko ɗaya, wayarsa ce ba ta hau intanet ba, kuma wannan ya bayyana tik ɗayan da kake gani. Idan kuwa yana cikin waɗanda saƙon ya sauka musu, alhali na kai tsaye da ka riga ka aika har yanzu tik ɗaya ne, to wayar tana kan layi, tana karɓar saƙonni, naka ne kawai ba ya shiga. Ka lura da tsarin lokaci: dole saƙon kai tsaye ya riga na guruf tafiya. In ba haka ba, mai yiwuwa ya hau ne ya sauka kafin ka aika naka.

Wata mai sayar da atamfa da leshi ta sitatus ta zo da irin wannan. Ta ba wata kaya bashi, hoton matar ya ɓace, saƙo ya ƙi wuce tik ɗaya. Ta ce, "Malam, wataƙila wayarta aka sace, kar in ɗauki alhakinta." Na ce, "Hajiya, kuna da guruf tare?" Suna adashi ɗaya. Ta buɗe sanarwar zubi da ta tura da safiyar ranar, muka danna Info. Ga sunan matar a cikin waɗanda suka karanta, ƙarfe tara da 'yan mintuna. Hajiya ta kalli wayar ta ce, "To, madalla."

Akwai abu ɗaya da zai iya ruɗa wannan gwaji. Masu amfani da WhatsApp na jabu, irin su GB WhatsApp, suna iya saita shi ya ɓoye tik na biyu, ya kuma daskarar da lokacin leƙowa. Mai irin wannan yana karanta saƙonka kana ganin tik ɗaya. Kamfanin yana rufe asusun masu amfani da su, amma har yanzu ana samu, musamman wajen matasa. Idan kana zargin haka, mataki na 8 ne zai raba gardama.

Mataki na 5: Kwatanta da waya ta biyu

Ku ajiye wayoyin biyu gefe da gefe, ku buɗe furofayil ɗin mutumin a lokaci ɗaya. Idan abokinka yana ganin hoto da sitatus kai ba ka gani, an ware ka, ko ta toshewa, ko ta cire sunanka, ko ta goge lambarka. Tik ne zai gaya maka wanne: tik biyu, ɓoyewa ce ko goge lamba, tik ɗaya da ya ƙi motsi alhali saƙon abokinka yana shiga, toshewa ce.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne amfani da baƙuwar lamba, misali sabon layi ko wayar maƙwabcin da mutumin bai sani ba. Idan ya saita hotonsa ga waɗanda ya ajiye kaɗai, baƙuwar lamba ba za ta ga komai ba, sai ka ɗauka kowa ne ba ya gani. Kuma kada ka sa abokinka ya aika saƙon da babu dalili. Ya aika abin da dama zai iya aikawa.

Idan a wayar abokinka ma hoton wani baƙo ne ya fito, layin ya sauya hannu. Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma sabon mai shi yakan toshe duk wanda ya dame shi da neman tsohon mai layin.

Mataki na 6: Kira

Kira shi ta WhatsApp sau ɗaya ka kalli rubutun da ke ƙarƙashin sunansa. Calling yana nufin kiran bai isa wayarsa ba; Ringing yana nufin ya isa. Kiran wanda aka toshe ba ya shiga. Amma wanda datarsa ke kashe shi ma haka za ka gani, don haka wannan shaida ce ta ƙari kawai. Tun 2023 akwai kuma saitin Silence unknown callers, wanda ke hana kiran lambar da ba a ajiye ba yin ƙara, ko da yake zai fito a jerin kira.

Sai ka kira layinsa kai tsaye da kati, domin toshewar WhatsApp ba ta shafi kiran layi ko tes ba. Idan aka ce maka a kashe take ko ba a samunta, ga bayanin tik ɗayanka nan. Ka dai tuna da matafiya: wanda ya je Umara ko aikin Hajji yakan sa layin Saudiyya, layinsa na gida ya zama a kashe, amma WhatsApp ɗinsa ya ci gaba da aiki da tsohuwar lamba.

Mataki na 7: Gano ko lambarka ce aka goge

Wannan ya fi faruwa fiye da yadda ake zato, kuma sau da yawa ba da niyya ba: an sauya waya, lambobin suna kan tsohon layi, ba su biyo ba. Alamarsa ita ce saƙo yana shiga da tik biyu, amma hoto da sitatus sun ɓace. Sitatus, wanda aka fara a 2017 kuma yake ɓacewa bayan awa 24, ba ya bayyana sai idan kowannenku ya ajiye lambar ɗan uwansa.

Gwajinsa shi ne saƙon bai-ɗaya. A shafin hirarraki danna ɗigo uku, zaɓi New broadcast, ka sa mutumin tare da wani aminin da ka tabbata yana da lambarka, domin jerin ba ya karɓar mutum ɗaya. Aika gaisuwa. Irin wannan saƙo yana sauka ne kawai ga wanda ya ajiye lambarka. Idan ya sauka wa amininka, na mutumin ya tsaya a tik ɗaya, amma saƙon kai tsaye da ka aika masa daga baya ya yi tik biyu, ba ka cikin lambobinsa. Idan duka sun sauka amma sitatus ɗinsa da wasu ke gani kai ba ka gani, to da hannu ya cire sunanka daga masu kallo.

Rashin ganin sunansa cikin masu kallon naka sitatus ɗin kuwa ba hujja ba ce ta komai. Wanda ya kashe Read receipts yana kallo ba tare da sunansa ya fito ba.

Mataki na 8: Sabon guruf, idan babu makawa

Na bar wannan a ƙarshe saboda idan ya yi aiki mutumin zai gani. Buɗe sabon guruf, ka ba shi suna mai ma'ana da za ka iya kare kanka da shi, sannan ka gwada saka shi. Idan ya shiga, bai toshe ka ba, ko da tik ɗaya kake gani. Ka shirya abin da za ka ce, ko ka cire shi ka ba da haƙuri.

Idan ya ƙi shiga, kada ka ɗauka an gama. Tun 2019 kowa yana iya hana a saka shi a guruf ba da izininsa ba, kuma manyan mutane da 'yan kasuwa da suka gaji da tashi da safe su tarar da kansu a guruf ɗin talla suna kunna wannan saiti. A irin haka WhatsApp yakan ba ka damar aika masa gayyata ta kai tsaye, wadda take lalacewa bayan kwana uku. Saboda haka shigarsa hujja ce cikakkiya, ƙin shigarsa kuwa sai an haɗa da sauran. Idan hoto ya ɓace, tik ɗaya ya kwana uku, kira ba ya shiga, Info ya nuna yana karɓar saƙon guruf, sannan sabon guruf ya ƙi ɗaukarsa, ka ɗauka an toshe ka.

Idan a wata manhajar ce

Kada ka ɗauki ma'anar tik ɗin WhatsApp ka kai Telegram. A can tik ɗaya yana nufin an aika, biyu yana nufin an karanta, don haka tik ɗaya na kwana da kwanaki ba abin mamaki ba ne. Alamar da ake dubawa ita ce rubutun "last seen a long time ago" tare da ɓacewar hoto. Shi ake nuna wa wanda aka toshe, amma shi ake nunawa ga wanda ya haura wata guda bai hau ba.

Instagram da Messenger suna da wani mataki tsakanin toshewa da barin mutum, mai suna Restrict. Saƙonka zai tafi, amma ba ya fitowa cikin hirarrakinsa na yau da kullum, ba za ka ga ya karanta ba, ba za ka ga yana kan layi ba. A Instagram, wanda ya fara wannan a 2019, gwajin yana da sauƙi: yi sharhi a ƙarƙashin wani abin da ya wallafa, ka duba da wayar abokinka. Idan kai kana ganin sharhin abokinka ba ya gani, an taƙaita ka.

Bayan ka tabbatar

Kada ka goge asusunka ka sake buɗewa da fatan toshewar za ta warware. Wannan dabara tana yawo a bidiyoyi, amma abin da za ka tabbata da shi kawai shi ne asara: za a fitar da kai daga duk guruf ɗinka, tarihin hirarka ya tafi, har ajiyar da ke Google Drive. Kada kuma ka bi shi da sababbin lambobi. Maɓallin toshewa yana tare da na kai ƙara, kuma idan ya kai ƙararka WhatsApp yana karɓar saƙonni biyar na ƙarshe da ka aika masa. Idan ƙararraki suka taru, ana iya rufe lambarka.

Idan akwai kuɗi ko kaya a tsakani, kada ka goge hirar cikin fushi, ita ce shaidarka. Buɗe ta, danna ɗigo uku, sai More, sai Export chat, ka tura wa kanka ta imel tare da hotuna da rasit ɗin tura kuɗi. Ɗauki hoton fuskar wayar inda lambar take fitowa, ba sunan da ka ajiye kaɗai ba. Daga nan sai ka bi ta hannun wanda ya haɗa ku, ko shugabannin kasuwa, ko mai unguwa, kafin maganar ta kai ga hukuma.

Idan kuma daga baya aka sasanta ya buɗe ka, saƙonnin da ka aika lokacin da kake toshe ba za su taɓa sauka a wayarsa ba, za su ci gaba da zama da tik ɗaya. Duk wanda yake da muhimmanci a cikinsu, lambar asusun banki ne ko adireshi ko ranar biki, sai ka sake aika shi sabo.